Ranar da Raket Suka Gwada Ni

Barau ne sanadin mafarkin da na yi jiya da dare. Shekara goma sha tara muna buga tanis gefe ɗaya ni da shi, a kulob ɗin tsofaffin ma'aikata. Jiya da yamma aka lallasa mu, na ce laifin raket ne, ya cika laushi, ƙwallo sai ya lafe a jikinsa kafin ya tafi. Wancan makon kuwa cewa na yi wanda na riƙe ya cika tauri. Na shida ke nan tun bayan azumi.

Barau ya share gumi ya ce, "Ilu, gasa ranar Asabar ce. In za ka zo da na bakwai, ka taho da sabon abokin wasa." Na yi dariya, amma da maganar na kwanta.

Sai ga ni a wani gari da tsakar rana. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya juya lemarsa yana kare wando. Na bi layi har cikin wani ofis. Wani bunsuru mai tabarau na zaune a kan tebur yana tauna fayil.

"Yallaɓai, wannan ba fayil ɗina ba ne?" na ce.

"Shi ne. Ana kan nazarinsa." Ya haɗiye shafin ƙarshe. "Me ke tafe da kai?"

Na ce raket nake nema mai jin magana. Ya ce a garin nan raket ke zaɓen mutum, ya buga mini hatimi a goshi.

Ban ankara ba na ji ni a rataye jikin ƙusa a wani shago, ni da sauran tsofaffin kulob ɗinmu, an jera mu reras. Raket biyu suka shigo sayayya. Ɗaya mai laushi ne, in ya gaisa sai kansa ya taɓa ƙasa, kuma duk abin da aka faɗa sai ya ce haka ne. Ɗayan sandararre, ko waiwaye ba ya yi.

Suka sauko da ni. Mai laushin ya kama ni ta idon sawu ya wulwula.

"Akwai daɗin riƙo," ya ce. "Gwiwarsa na lanƙwasa. Kan ne dai ya yi tauri."

"Yana zuwa inda aka aike shi?" in ji sandararren.

Aka wurgo ƙwallo, suka doke shi da ni. Hagu suka nufa, ƙwallo ya faɗa gidan maƙwabta. Ina kife na ce iska ce. Aka sake, na ce rana ce ta shiga idona. Na uku na ce takalmi ne.

"Na san irinsu," in ji sandararren. "Da uzuri ake ƙera su."

"Haka ne," in ji mai laushin.

Daga nan aka kafa kwamiti. Awaki uku suka zauna a kan ragar filin tanis, suka kwashe yini suna gardamar ko daɗin hannu ya fi, ko kai ƙwallo inda aka nufa. Babu wanda ya taɓa ƙwallo a cikinsu. Abin ya burge ni, don haka muke yi a kulob.

Aka kira shaida. Tsohon raket ɗina ne ya shigo, wanda na naɗe wa mariƙi da robar tayar keke, na jefar da shi bayan ɗaki.

"Shekara sha biyar na yi da shi," ya ce. "Inda ya kalla nan nake kai ƙwallo. Matsalar ita ce ba ƙwallo yake kallo ba. Raket ɗin da ke hannun wancan gefe yake kallo."

Kunya ta rufe ni.

Sai Barau ya shigo shagon da jaka babu komai ciki. Ya ɗauko ni, ya lanƙwasa ni a cinyarsa, ya saurari ƙarar ƙuguna.

"Hannuna ya saba da wannan," ya ce.

"Sabo turken wawa," in ji bunsurun ofis ɗin nan daga bakin ƙofa. "Akwai wasu."

Barau ya ɗaga kai ya dubi sauran. Ya mai da ni jikin ƙusa, ya sauko da Alhaji Sambo, mutumin da rabonsa da gudu tun yana aiki.

"Bari ni ma in ɗana canjin nan, in ji abin da Ilu ke ji."

Ya sa shi a jaka ya fita, bai waiwayo ba. A nan ne tsoro ya kama ni na gaske. Na fara dukan bango da dugadugaina, fam, fam, fam.

Na farka, fam ɗin bai tsaya ba. Na leƙa tsakar gida, sai ga matata Ladidi ta jingine katifa tana bugunta da tsohon raket ɗin nan mai robar keke.

"Ladidi, ba ni shi."

"Haba Malam, ga sababbi shida a ɗaki. Duk na gwada su, wannan ne kaɗai ke sauka inda na nufa."

"Ina kike kallo in za ki buga?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Katifar mana. Ina kuma zan kalla?"

Na karɓe shi, na bar mata shidan, na nufi gidan Barau ko shayi ban sha ba.