Akwatin da Malam Dalhatu Ya Rufe a Langa

Tun da idon Malam Dalhatu ya fara hazo, ɗansa Munzali ya kafe sai an sayar da kwalekwalen, tsoho ya koma wurinsa Kurfi ya zauna. Shi kuwa tun da aka datse ruwan Zobe, ya shanye ƙauyensu, yake kamun kifi a kansa, raba shi da jirgi daidai yake da binne shi da rai.

Jikarsa Fiddausi, mai karatu a jami'a a Dutsin-Ma, ita ta shiga tsakani. Ta ɗauko na'urar da take karanta littattafai a kanta, mai fuska kamar takarda, ta sauya mata aiki. Ta maƙala ma'aunin zurfin ruwa a gindin jirgi, ta jona shi da wani ɗan akwati, shi kuma akwatin ya riƙa aika wa na'urar lambar zurfin ta wayifai, wato ta iska ba igiya. Lambobi ɓaro-ɓaro, ko rana ta take ana ganin su. Munzali ya ce zai zo ya gani, in abin bai yi ba, magana ta ƙare.

To, Malam Dalhatu mutum ne mai tattali, kuma a gidansu abu mai daraja langa ake sa shi. Ranar gwaji, kafin kowa ya iso, ya jefa akwatin a langar marigayiya Rahamatu, matarsa, ya danne murfi, 'yar igiyar kawai ta leƙo.

Suka tashi su uku. Na'ura ta ce mita biyu. Suka yi nisa, tana nan a biyu. Tsoho na cikin jinjina ikon Allah sai ƙuuu, gindin jirgi ya goga dutse. Munzali ya kau da kai.

"Angona, ina akwatin?" in ji Fiddausi.

Ya nuna langa yana ƙasaita. "Na adana shi, kada ruwa ya taɓa shi."

"Ai ka toshe mashi baki! Saƙon ba ya ratsa ƙarfe. Ita kuma na'urar nan, ko saƙo ya yanke, rubutun ƙarshe take riƙewa kamar tawada a allo."

Ta juye akwatin a ƙwarya, ta rufe da faifai. Ta nuna masa wani ɗigo a kusurwar na'urar, ta ce muddin yana ƙiftawa, suna jin juna.

Sai lamba ta motsa. Uku, biyar, can sai tara. Malam Dalhatu ya saki filafili.

"Subhanallahi! Tsohon gulbi ne wannan, nan muke wanka muna yara." Ya nuna gaba da haɓa. "In gaskiya take faɗi, yanzu ƙasa za ta yi tudu. Nan babana ke ɗaure awaki."

Jirgi ya gangara a hankali. Bakwai. Huɗu. Uku.

Hawaye ya zubo masa, bai ko share ba. Shekara da shekaru yana ratsa kan gonar ubansa da lafiyayyen ido bai gan ta ba, sai yau da idon ya gaji. Mamaki ya cika shi, har da ɗan tsoro.

Munzali ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya sunkuya ya ɗauki filafilin.

"Baba, kai duba, ni in tuƙa. Ta ina gidan namu yake?"