Riƙon Ragama

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma a gidanmu an san ni da shiru. Amma Garrigue ba ta da baki, ni kuwa ina da shi, ko da ƙarami ne.

Garrigue goɗiyata ce. Ni na shayar da ita da kwalba lokacin da uwarta ta mutu. Yayata Bérengère ce ke hawanta a tseren dogon zango da ake yi cikin duwatsunmu na Lozère a ƙasar Faransa, don ni ba na iya shiga taron jama'a. Sharaɗi ɗaya na kafa mata: in goɗiyar ta nuna ciwo, ta sauka. Ta rantse mini da kabarin mahaifiyarmu.

A wurin hutu na ƙarshe, ina kwara wa Garrigue ruwa don bugun zuciyarta ya sauka, sai na shafa ƙafarta ta gaba. Zafi rau.

"Yaya, taɓa nan ki ji."

"Ke dai Noélie, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ki kira asibiti. Je ki ɗauko ƙanƙara a mota."

Motar na can ƙarshen fili. Kafin in dawo har an kira su gaban likitan dabbobin da ke duba kowane doki kafin ya ci gaba da tsere. Doki mai ɗingishi yakan gyaɗa kai in yana sassarfa, da haka ake gane shi, shi ya sa ake sakin ragama sako-sako. Bérengère kuwa ta naɗe igiyar har ƙarƙashin haɓar goɗiyar, ta tokare kan da damtsenta, tana gudu tana murmushi. Dawakai sun yi layi, likitan ya gaji. Ya ɗaga hannu, suka wuce.

Na juya wajen Baba. Yana zaune a kan bokiti yana yanka cuku bisa burodi.

"Baba, ka ga yadda ta riƙe ta?"

Bai ɗago ba. "Na gani. Ni na koya mata. Zango ɗaya ya rage, 'yar nan. Doki ba ƙwai ba ne."

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni rumfar likitoci ba. Na daɗe a tsaye kafin babbarsu, wata mai furfura, ta lura da ni. Na faɗa mata abin da na gani. Ta miƙe da sauri, amma su Bérengère sun riga sun haye tudu. Sai ta rubuta lambarmu ta tsere a tafin hannunta.

Bérengère ce ta zo ta biyu. Mutane na kaɗa ƙararrawar shanu, Baba na rungumar kowa. Amma ba a ba da kofi sai doki ya tsallake dubawar ƙarshe, kuma mai furfurar ce ta tsaya da kanta.

"Saki igiyar, madam. Ƙara saki. Ai ba jakar hannu kika riƙe ba."

Garrigue ta fara sassarfa, kanta na sama yana ƙasa, kamar mai amsa tambayar da aka daɗe ba a yi mata ba. Aka cire su daga tseren. Jijiya ce ta tsage. Likitar ta ce in an yi sa'a za ta yi tafiya daidai bayan hunturu, amma ita da tsere har abada.

A hanyar gida Bérengère ta waiwayo.

"Hankalinki ya kwanta? Da kin ja bakin nan naki kamar kullum, da yanzu kofi na kan cinyata."

Baba ya kunna rediyo. Babu wanda ya tambayi wadda ke tsaye da ƙafa uku a tirelar da muke ja.

Washegari da safe na ɗauki awartakin Baba na shiga barga. Tunda ita da tsere an gama, na cire wa Garrigue takalman ƙarfenta duka huɗu, tana jingina da kafaɗata. Na kai su kicin da taɓonsu, na jera su kusa da kwanon da Bérengère ke shan gahawa a ciki. Sannan na koma na canza mata bandeji.