Gorar da Aka Kafa a Bakin Jamuna

Malama Dilruba ba ta fara koyar da lissafi daga littafi. Kowace shekara idan damina ta janye, takan fita da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandaren Nolbari zuwa gaɓar kogin Jamuna, da igiya da sandunan gora, su auna ƙasar da ruwa ya cinye. Shekaru uku ke nan ana wannan awo: bara waccan mita ashirin, bara talatin, bana arba'in da biyar.

Da suka dawo aji ta rubuta alƙaluman a allo, ta ce kowa ya zaɓi abu ɗaya a garin, ya auno nisansa da gaɓa, ya lissafo lokacin da kogin zai iso shi. Babul, sarkin surutu, ya ce shi ofishin hedimasta ya zaɓa, don ya san ranar da kogi zai raba su da bulala. Aka yi dariya.

"To Allah ya sa lissafinka ya fi rubutunka kyau," in ji Malama.

Shiuli ce kawai ba ta yi dariya ba. Ita ce ta fi kowa ƙoƙari a ajin, kuma abin da ta zaɓa shi ne kabarin mahaifinta, wanda ya rasu watanni kaɗan da suka wuce. Nisansa da gaɓa mita sittin.

Washegari Shiuli ta fito allo ta yi aikinta cikin natsuwa, ta ja layi ƙarƙashin amsar: shekara uku. Malama ta ga inda ta kauce tun a layi na biyu. Yarinyar ta ɗauki ashirin, mafi ƙanƙantar shekarun, ta raba sittin da ita, ta kau da kai daga ƙarin da kogin yake yi. Wannan ba kuskuren da Shiuli za ta yi da rashin sani ba ne.

Malama ta san abin da ke faruwa a gidan. Baffannin yarinyar sun so a tashi kabarin zuwa tudu tun cikin wannan rani, kamar yadda sauran gidaje suka fara yi. Mahaifiyarta ta ƙi, ta ce ko ciyawa ba ta gama tsirowa a kansa ba, kuma 'yarta mai ilimi ta tabbatar mata akwai sauran lokaci. A shekarun da ta yi tana koyarwa, Malama ba ta taɓa ce wa ɗalibi ya yi kuskure ba, ba ta kuma taɓa barin kuskure ya kwana a allo ba. Ran nan sai da ta ji tana son ta ce "madalla", ta goge allon a wuce wurin.

Ta sallami ajin, ta ce Shiuli ta tsaya.

"'Yata, koma layi na biyu ki karanta mini."

Shiuli ta karanta, murya ƙasa-ƙasa. Malama ta tambaye ta daga ashirin zuwa talatin me ya faru, daga talatin zuwa arba'in da biyar kuma fa. Yarinyar ta ce kowace shekara yana ƙara rabin abin da ya ci. Malama ta miƙa mata alli.

An daɗe Shiuli tana riƙe da allin. Daga baya ta rubuta sittin da bakwai da rabi, ta tsaya tana kallonsa a gefen sittin.

"Malama, ai kogi yakan juya. Ya juya a zamanin kakata."

"Yakan juya," in ji Malama. "Gobe ta Allah ce. Lissafi iyakacin abin da zai gaya miki shi ne, in ya ci gaba yadda yake, daminar nan mai zuwa ce. Ba zan iya sa shi ya faɗi wani abu daban ba, ke ma ba za ki iya ba."

Ta ce in tana so za ta raka ta wurin mahaifiyarta. Shiuli ta girgiza kai, ta ce ita ta kai amsar shekara ukun nan gida, ita ya kamata ta je ta janye ta. Ta sa gefen gyalenta ta goge tsohuwar amsar kafin ta fita.

Mahaifiyar ta amince, tun kafin zafi ya tsananta aka yi aikin tashin kabarin. Liman da baffannin suka shiga maƙabarta da sassafe, mata suka tsaya daga nesa ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Malama ta tsaya a bayansu. Ta hango Shiuli riƙe da hannun mahaifiyarta, har aka wuce da makarar zuwa tudu. Babul yana cikin masu ɗauke da ita.

Bayan an watse, Shiuli ta zo ta tambayi Malama ko za a ara mata gora ɗaya daga cikin na awo. Ta kai ta ta kafa a inda kabarin yake a da, don ajin baɗi su samu wurin da za su fara jan igiya, in ƙasar tana nan.