Roƙon da Na Yi wa Ɗan Azumi

Kamiyon, wato motar kaya, bai iya shiga lungunmu ba, don haka a bakin ganuwa aka sauke shi, mutum huɗu suka ɗauko shi cikin tabarma. Ina zaune a zaurena ina yankan fatar da zan ɗinka jaka na ga sun ɓullo, suna tafe a hankali don yashi ya jiƙe da ruwan safe. Ƙafa ɗaya ta leƙo daga cikin tabarmar, babu takalmi. Da ƙafar na gane shi, domin ƙaramin yatsansa ya guntule tun yana yaro.

Direban, wani Mala mai jigila tsakanin Gure da Damagaram, ya tambaya ko nan ne gidan su Ɗan Azumi. Ya ce a gefen hanya ya tsince shi, gaba kaɗan da Gidimuni, an jingine shi da gindin aduwa inda duk mai wucewa zai gan shi, har an ajiye masa ruwa cikin ƙwarya. Duk wanda ya tambaya a garin sai ya ce bai san komai ba.

Muka shigar da shi ɗakin uwarsa, Ya Kolo, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nawa. Ta tsufa, idonta ya kusa mutuwa. Ta shafa fuskarsa da yatsu, ta bi kumburin ido da leɓe, ta sauko ƙirji, da ta taɓa haƙarƙarinsa ya yi nishi sai ta janye hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a ɗora ruwan zafi. Wannan duka a daminar da aka samu mulkin kai ne, bai fi kwana goma da ɗaga sabuwar tuta ba.

Ɗan Azumi ɓarawo ne, duk Birni an sani. A lokacin ya ba arba'in baya. Ba ya fashi, ba ya riƙe wuƙa, kuma bai taɓa ɗaukar ko allura a unguwarmu ba. Nasa na 'yan ƙauye ne masu zuwa cin kasuwa: akuya, buhun gyaɗa, sirdin raƙumi, abin da ido ya kauce daga kansa. A cikin unguwa kuwa babu mai amfaninsa. In guga ya faɗa rijiya shi ke shiga. In an yi rasuwa shi ne farkon zuwa da sangwami wurin haƙa kabari. Shekara bakwai kafin wannan, da ruwa ya cika tabkin bayan gidajenmu, 'yata Ramlatu tana da shekara huɗu ta zame ta faɗa, shi ya yi tsalle da rigarsa ya fiddo ta. Tun daga ranar ban iya ganin an tasa shi a gaba in yi shiru ba.

A zamanin in aka kama ɓarawo a kasuwa, gaban alƙali ake fara kai shi. In alƙali ya ga za a iya sulhu sai a yi a nan, in ya ga abin ya fi ƙarfin sulhu sai ya miƙa shi tirbinal, wato kotun Nasara, daga can kuma sai kaso da fasa dutse. Alƙalinmu Malam Tahiru mutum ne mai sanyin hali, ba ya son ya ji an ce ya ba da ɗan Musulmi hannun Nasara. Mun san wannan, da shi muke cin nasara a kansa. Duk sa'ad da aka kama Ɗan Azumi sai mu dattawan lungu mu sa manyan riguna mu tafi. A mayar wa mai kaya kayansa in yana nan, a yi masa bulala kaɗan, ya dafa Alƙur'ani ya ce ya tuba, mu dawo da shi gida kafin la'asar. Sau nawa aka yi haka, na daina ƙirgawa bayan na tara. Har ya zama in dogari ya zo kiranmu muna tafe muna raha.

Na ƙarshen ya zo ana saura mako biyu bikin mulkin kai. Wani manomi mai suna Habu daga Gidimuni ya zo kasuwa da jakinsa, ya shiga sallar azahar, ya fito babu jaki. Kafin a kama Ɗan Azumi jakin ya bi ayari ya yi arewa. Habu ɗan siririn mutum ne mai furfura a gemu, rigarsa duk faci. Ya gaya wa alƙali da jakin nan yake kai taki gona, da shi yake ɗebo ruwa, da shi matarsa mai ciwon ƙafa take zuwa ganin 'ya'yanta. Ya ce kuma ba shi ne na farko a garinsu ba, bara akuyoyin ƙanensa ne, kuma wannan mutumin ne, kuma a wannan zauren aka sake shi.

Ranar Malam Tahiru ya gaji. Ya dubi Ɗan Azumi ya ce ya rantsar da shi har ya fara jin tsoron Allah a kan rantsuwar, yau tirbinal zai miƙa shi, ko shekara guda ya yi a kaso ya huta mutane su huta. Sauran dattawa suka sunkuyar da kai, babu wanda ya yi niyyar magana. Ni na matsa gaba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, shekara sittin Nasara suna ɗaure mu. Yau suna ɗaure kayansu za su tafi, sai a ce mutum na ƙarshe da aka miƙa musu daga Birni kai ka miƙa shi? Ka dubi tsohuwar nan da ba ta da kowa sai shi."

Na ga maganar ta shige shi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce to, albarkacin wannan lokaci, a yi masa bulala goma ya tafi, ni Suma'ila in tsaya masa. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, har ina tunanin yadda zan ba da labarin a majalisa.

Habu bai yi gardama ba. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, da ya zo wucewa ta gabana sai ya tsaya.

Ya ce, "Malam, ka iya roƙo. Ni wa zai roƙa mini?"

Ya kama hanya a ƙasa, tafiyar kwana biyu.

A hanyarmu ta komawa gida Ɗan Azumi bai yi mini godiya kamar yadda ya saba ba. Ya yi kwanaki yana taya ni jeme fata, aka yi biki, aka yi kiɗa a ƙofar fada, aka sa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, suka yi maci da tutoci. Bayan biki da 'yan kwanaki Ya Kolo ta aiko tana tambaya ko na gan shi. Sai ganinsa da na yi cikin tabarma.

Kwana huɗu ya yi a kwance. Na je na ɗauko anfirme, ma'aikacin likita na unguwar Zango, ya duba shi ya ce haƙarƙari uku sun karye, kuma akwai abin da ya fashe a ciki, don fitsarinsa jini ne. Ya ce a kai shi likita, Ɗan Azumi ya ƙi, ya ce in za a ɗaga shi daga ɗakin nan sai dai zuwa kushewa. Anfirme ya yi masa allura ya tafi. Matata Hauwa tana dama kunu tana miƙowa ta kan katanga, uwarsa tana ba shi da ludayi, rabi ya shiga rabi ya zube a wuya.

A rana ta biyu jandarma biyu suka zo, don Mala ya kai rahoto. Babbansu ɗan ƙasa ne, ya tsuguna a bakin ƙofa da takarda a gwiwa, ya ce a faɗa masa sunayen waɗanda suka yi wannan, yanzu ƙasa tamu ce, ba za a bar mutane suna yanke hukunci da sanda ba. Ɗan Azumi ya ce babu wanda ya taɓa shi, kamiyo ya ɗare a ɓoye ya faɗo. Jandarman ya dubi shatar igiya a wuyan hannunsa, ya sake tambaya. Ɗan Azumi ya sake ba shi amsa guda. Jandarman ya ninke takardarsa suka tafi.

Da suka fita na zauna kusa da kansa na ce ya gaya mini gaskiya. Ya faɗa mini a gutsuttsure, yana hutawa tsakani. Ranar kasuwar Gidimuni ya je, ya kwance tunkiya biyu a bayan wani gida, mata suka gan shi suka yi kururuwa. Da aka kama shi wani ya ce a kai shi Damagaram, sai jama'a suka ce a kai shi a yi me, gobe ya riga su dawowa? Suka ɗaure shi a turke. Ya ce bai san hannun wa da wa ba ne, sun yi yawa. Wanda ya sani kawai shi ne wanda ya kwance shi daga baya, ya ja shi bakin hanya, ya ajiye masa ruwa. Mai jakin ne.

Na tambaye shi abin da ya mayar da shi garin da aka san fuskarsa, duk faɗin ƙasar Damagaram. Ya ce shi ma bai sani ba. Ya ce tun yana saurayi in ya ga dabba a ɗaure babu mai ita sai ya ji tafin hannunsa yana ƙaiƙayi, kuma bai taɓa jin tsoro ba, don ya san muna nan.

Can ya ce, "Yaya Suma'ila, ran nan da Malam ya ce kaso, wallahi daɗi na ji. Na ce yau dai za a riƙe ni."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ka riga ka fara magana. Kuma ta yi kyau."

Ba da zargi ya faɗa ba, har da ɗan murmushi a leɓensa mai kumburi. Na fita tsakar gida na tsaya kusa da randa, na rasa inda zan sa kaina. Ya Kolo tana zaune a gindin murhu, ashe ta ji komai. Ta ce kada in ɗora wa kaina, ita ce take zuwa ƙofata tana kuka duk sa'ad da aka kama shi. Ta ce tun yana ɗan shekara goma ya shigo da kazar da ba tasu ba, ta yanka ta dafa, don a shekarar babu abin da za su ci.

Ranar ta huɗu da hantsi ya ce a buɗe ƙofa yana son iska. Ana yayyafi. Ya tambaya ko geron bana ya fara fidda kai, na ce ya fara. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada yana bi, har muryarsa ta koma motsin leɓe. Kafin azahar ya cika. Wurin haƙa kabari muka tsaya muna duban juna, sai da aka aika Zango aka nemo mai haƙa.

Malam Tahiru ya zo jana'iza. Da aka watse muka haɗu a bakin maƙabarta, muka gaisa, kowa ya kawar da ido. Daga ranar har ya bar alƙalanci ban sake taka zaurensa ba.

Ran sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, na ga wani ya tsaya a bakin lungu da ƙunshi a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo. Habu ne. Na tashi na tarye shi, na shimfiɗa masa buzu. Ya yi ta'aziyya, muka yi addu'a. Ya ce shi bai ɗaga sanda ba, amma yana tsaye a wurin, kuma bai ce a bari ba sai da ya ga mutumin ya daina motsi. Ya ce tun ranar abinci ba ya masa daɗi. Ya zo ne in tsohuwa tana son ta kai ƙara, ga shi, ba sai an je nemansa ba.

Na shiga na gaya wa Ya Kolo. Ta lallaɓo bakin ƙofa tana dafa bango.

Ta ce, "Kai ne ka ba shi ruwa?"

Ya ce shi ne.

Ta ce, "Ɗana ya ce daga kamiyo ya faɗo. Ka koma gida, Allah ya mayar maka da jakinka."

Na so in ce masa wani abu game da ranar nan a zauren alƙali. Na raka shi har bakin ganuwa ina juya maganar a baki, ni da aka sani da iya magana, amma abin da ya fito kawai shi ne ya gaida gida. Ya ce gida zai ji.

Da na dawo na tarar ya bar ƙunshinsa a zaure. Dabino ne na garinsu, sabon ɗiba, a cikin ganyen kaba. Na kai wa Ya Kolo, ta shafa ta ce ba ta da haƙoran ci, in kai wa iyalina. Na kai wa Hauwa, ta ce a'a, na gidan rasuwa ne. Na ɗora shi a kan katangar da ke tsakanin gidana da na Ya Kolo, ko wani zai ɗauka. Ya kwana uku a nan. Ran na huɗu da na fito alwalar azahar na ga tururuwa sun yi layi biyu suna hawa, ɗaya daga gefenta, ɗaya daga gefena.