Asusu Mai Ƙugiya

Wata bakwai ana yankar kuɗin shagon sau biyu, babu wanda ya lura. Duk ranar biyar ga wata wayar Akawu takan yi ƙara, saƙon banki ya shigo, bayan minti ɗaya wani ya biyo shi, kuɗi iri ɗaya, suna iri ɗaya. Ita kuwa ta ɗauka bankin ne ke maimaita magana kamar yadda ya saba. Sai ranar da ta je sayen maganin Baba kuɗi suka ƙi kaiwa, sannan ta zauna ta bi takardar banki layi-layi da biro.

Akawu ba akawu ba ce. Babanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana firamare, saboda jarabarta ta gyara wa mutane rubutu. Ba ta wuce allon shago ba tare da ta tsaya ta ce an manta ƙugiyar ƙa ko ta ɗa ba. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, maganarsa ta sarƙe, ita ce ke zama a teburin Ɗinkin Ƙwarai: kekuna shida, teburin yanka ɗaya, da tsohuwar kwamfuta a kusurwa wadda ba a taɓa kashe ta gaba ɗaya.

A cikin kwamfutar nan shagon yake, ba a kekunan ba. Shekara goma sha ɗaya Baba yana zuba awon mutane a manhajar da ake biya wa kuɗin wata, kusan mutum dubu biyu, kowa da bayaninsa. "Kafaɗar hagu ta fi sauka, a rage rabin inci." "Tumbi ya ƙaru, kada a faɗa masa, a ƙara inci biyu shiru." Mutane kan aiko da yadi daga nesa ba tare da sun zo ba, kaya su je su zauna musu ɗas. Kawu, ƙanin Baba, shi ke yanka, amma ba ya sa almakashi sai ya leƙa allon kwamfutar.

Ba ta sha wuyar gano inda ɓarnar take ba, ita ce da kanta. Ranar da Baba ya faɗi, tana tsaye a barandar asibiti, Kawu ya kira yana neman awon wani, don shi a lokacin bai iya taɓa kwamfuta ba. Ta gwada shiga ta wayarta, ba ta san kalmar sirri ba, ta danna nan ta danna can, ta sa sunan shago, ta sa katin shago, aka buɗe mata fili fayau babu ko awo ɗaya. Likita ya fito, ta jefa wayar a jaka. Ashe sabon asusu ta buɗe, shi ma yana cin nasa kuɗin.

Sau biyu ta kira kamfanin manhajar, sau biyu layin ya yanke. A na uku ta yi minti arba'in tana sauraron wani kiɗan jira mai sa ciwon kai, kekuna suna ta kuka a bayanta, ranta ya gama ɓaci kafin mutum ya ɗauka.

"Na ga matsalar, ranki ya daɗe," in ji ma'aikacin, muryarsa a gajiye. "Asusu biyu ne a kan kati ɗaya. Hanya biyu ce. Ko a dakatar da ɗaya, ya zauna da abin da ke cikinsa, amma ba a mayar da kuɗin baya. Ko a share shi a matsayin wanda aka buɗe bisa kuskure, a mayar miki da na wata bakwai. In an share, an share ke nan, ba ya dawowa."

"A share. Babu komai a cikinsa."

"Wanne? Sunan ɗaya ne. Sai dai ɗaya haruffansa a miƙe suke, ɗayan kuma akwai wasu biyu masu lanƙwasa a kai."

Ko numfashi ba ta ja ba. Wa zai sa ƙugiya in ba ita ba? Baba aji huɗu ya yi ya bar makaranta, da yatsa ɗaya yake buga kwamfuta, yana neman harafi kamar mai tsintar allura a ƙasa.

"Ƙugiya ake ce musu. Mai ƙugiyar nawa ne, shi za ka share."

"Ko za ki duba tukuna? Zan iya turo miki..."

"Malam, yau kwana uku ina dubawa. Ka share."

Ya karanta mata wani dogon gargaɗi, ta ce ta amince. Ya sake tambaya, ta sake cewa ta amince, har da tsaki. Da ta ajiye wayar ta ji wani sanyi a ranta, irin na wanda ya ƙwato haƙƙinsa da bakinsa.

Ba a yi rabin awa ba Kawu ya taso daga teburin yanka, tef a wuya, alli a bayan kunne.

"Akawu, zo ki ga abin nan, ya kore ni waje."

Allon ya koma fari, yana neman a shiga. Ta shiga da abin da take da shi a wayarta. Ya buɗe. A can sama an rubuta Dinkin Kwarai, haruffa a miƙe tsaf, yadda ta buga su cikin gaggawa a barandar asibiti. Ƙasa kuwa babu komai.

"Kawu," ta ce, "asusun Baba, yaya aka rubuta sunan?"

"Da ƙugiyoyinsa mana. Ai ranar da aka sa abin nan, wuni guda ya tsare mai haɗawar. Ya ce shi ba dinki yake yi ba, ɗinki yake yi, kuma in 'yarsa ta dawo daga makaranta ta ga babu ƙugiya, ba zai sha ruwa a gidan ba." Kawu ya fara dariya, ya dubi fuskarta, dariyar ta tsaya.

Wata bakwai tana zaune gaban allon nan, sunan yana kusurwar sama, ba ta taɓa ɗaga ido ta karanta ba. Ita da ke karanta allon kowa a titi.

Ta sake kira. Wata mace ce ta ɗauka, mai ladabi ƙwarai, ta saurare ta har ƙarshe, ta ce akwai muryar Akawu a naɗe tana cewa ta amince, sau biyu. Ta ce ta yi haƙuri. Kuɗin kuma, a yi wa kamfanin adalci, sun shigo washegari da safe, cif-cif, ba a rage ko sisi ba.

Da hantsi wata dattijuwa ta shigo da yadi a leda. Na ɗanta ne, yana aiki a jirgin ruwa, sai ƙarshen wata zai sauka kwana biyu ya koma.

"Awonsa yana wajenku, 'yata. Babanki ya san shi tun yana ɗan ƙarami, dogon nan mai gajeren wuya."

Akawu ta karɓi yadin. Ta kasa cewa babu.

Da ta koma gida ta tarar da Baba a kujerarsa kusa da taga, an ɗora masa hannun dama a kan matashi. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, ba ta jingina wa kamfani ba. Ya fahimta. Abin da ya fi ci mata rai ke nan: kansa garau yake, bakin ne kawai ya ƙi.

"Baba, ɗan jirgin ruwa, dogon nan. Ka tuna ƙirjinsa?"

Ya gyaɗa kai da sauri. Ya sani. Ta gani a idonsa, lambar tana nan zaune.

"A... ar... arb..."

"Arba'in?"

Ya gyaɗa.

"Da nawa, Baba?"

Leɓensa ya yi ta motsi, miyau ya gangaro, ta goge masa da gefen mayafinta. Ya ɗaga hannun hagu, ya miƙe yatsu uku, na huɗun ya taso rabi ya tsaya yana rawa.

"Da uku? Da huɗu? Ko uku da rabi?"

Ya girgiza kai, ya gyaɗa, ya sake girgizawa. Sai hawaye suka zubo masa. Ko ranar da aka ce ba zai ƙara riƙe almakashi ba bai yi kuka ba.

Ta rubuta uku a bayan takardar magani, ta soke, ta rubuta huɗu. Hannunsa yana nan a sama, bai sauke ba, yana jira ta gane. Wannan ƙirji ne kawai, na mutum ɗaya.