Sunaye Biyar na Bangon Fili

Don Evaristo ya ce tarihin besbol, wasan jifan ƙwallo da bugu da sanda, ya mutu a garin nan tun ranar da aka rufe masana'antar sukari. 'Yan wasan yanzu? Tir! Sarƙar zinariya a wuya, hannu kamar na mai tuya. A zamaninsa mutum kan yini yana saran rake, da yamma ya zo ya yi jifa har mai bugu ya nemi uwarsa.

Shi ya sa da Doña Altagracia, shugabar kwamitin unguwa, ta kira shi ya zaɓi gwanaye biyar da za a zana a bangon filin wasa, bai yi mamaki ba. Ya goge farar rigarsa, ya riga ya san wanda zai zo na farko.

Ya kurɓi kofi, ya shiga yanka mutane. Wane sa'a ce ta ɗaga shi. Wane giya ta fi shi gudu. Da aka ambaci Nicanor, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana cafe masa ƙwallo, sai ya ture kofin.

Kowa ya san dokar. In mai jifa ya hana kowa bugun ƙwallonsa tun farkon wasa, ba mai furtawa, ba ma mai zama kusa da shi, kada a karya sa'ar. Amma Nicanor, a wani wasa, saura masu bugu biyu a tashi, ya taho yana washe baki ya ce masa yau fa ba wanda ya taɓa ƙwallonsa. Jifa na gaba aka aika ƙwallon cikin gonar rake. Shekara arba'in ke nan Evaristo bai amsa gaisuwarsa ba, kuma har gobe haushin na nan.

"Wannan sakaran? Ku zana bakinsa kawai, shi ne ya yi suna."

Evaristo ya ba da sunaye huɗu, ya gyara zama yana jiran su cike na biyar da kansu. Doña Altagracia ta juya takarda, ta ce saura ɗaya.

"Wai ni zan faɗa muku?"

"Ai kai ba ka ciki, Don. Mun jefa ƙuri'a tun makon jiya, so kawai muke mu ji ko mun manta da wani." Ta cire tabarau. "Mutum ɗaya ne ya kawo sunanka. Sai da 'yarsa ta turo shi a keken guragu, ya yi ta yi mana ihu wai ba a taɓa mai jifa kamarka ba."

Evaristo bai tambaya ko waye ba, ya san bakin Nicanor.