Hoton Ranar Sallama

Sati tara nas ɗin ta yi tana wanke gyambon tsohon direban da ke gado na shida. Kullum safiya ita ce da almakashi da auduga, da warin da ke korar 'ya'yansa zuwa baranda. Ita ta lura maganin farko na sa shi jiri, ta rubuta a fayil. Sai bayan kwana huɗu aka canza, kuma ba wanda ya ce mata ci kanki.

Haka sashen yake. Da ƙarfe tara likita da mai haɗa magunguna da mai gashin ƙashi ke zagayawa, suna magana ta saman kanta kamar ita ce sandar rataya ƙarin ruwa. Ba mugaye ba ne fa, gaisuwarsu har da tambayar yara. Ra'ayinta ne dai ba a tambaya. Nas uku suka bar aiki a shekara guda, ta koma cin abincin rana ita kaɗai a ɗakin canza kaya. Kaɗaici ya ishe ta.

Yayarta ta samo mata aiki a ɗakin shan magani na wata makaranta, ana jiran amsarta ranar Alhamis. Ita kuwa sai jan ƙafa take yi. Aikin asibitin take so, ba raba maganin ciwon kai ba.

Ranar Alhamis ɗin aka sallami direba, yana takawa da ƙafar da aka ce sai an yanke. Likita baki har kunne, ya ce lallai a yi hoto, kowa ya matso. Ta goge hannu, ta gyara hula, ta nufi gefen gadon.

Likita ya miƙo mata wayarsa. "Sista, taimaka ki ɗauke mu. Ki tabbatar ƙafar ta fito."

Direba ya dube ta kamar zai yi magana, aka ce masa ya kalli gaba ya yi murmushi. Sau uku ta ɗauka, ƙafar kuwa ta fito tas.

Da suka watse ta yaye zanin gadon, ta fita baranda ta kira yayarta, ta ce a gaya wa makarantar tana zuwa. Yayar ta tambaya me ya sami muryarta, ko tsohon nan ne ya cika.

"A'a, Yaya," ta ce. "Ya warke."